Gamana, kulle da rabon gado: labarin wata baiwar Allah a kudancin Maradi

Matar nan ta yarda a ba da labarinta bisa sharaɗin kada a ambaci sunanta ko na garinsu, domin 'yan'uwanta da tsohon mijinta suna raye, kuma akwai 'ya'ya a tsakani. Za mu riƙa ce mata Yaya, yadda matan asusunsu ke kiranta.

An haife ta a wani ƙauye da ke kan hanyar Madarunfa, yankin da jama'a suka yi wa ƙasa yawa. Ta tashi ta ga mahaifiyarta da gamana, wato ɗan filin da maigida ke yankar wa matarsa daga gandu ta noma don kanta. Wanda bai zauna a karkara ba ba zai san nauyin gamana ba. Daga ita ake samun hatsin da ke riƙe yara idan rumbun maigida ya ƙare a tsakiyar damina, daga ita ake sayen akuya, ake yin gudummawar biki, ake tara wa ɗiya kayan ɗaki. Yaya ta yi lakkwal har aji shida, ta ci jarrabawar shiga kwaleji, sai aka ɗaura mata aure tana da shekara goma sha huɗu. Ba a tambaye ta ba, kuma babu wanda ya ga laifin hakan. Dokar farar hula ta Nijar ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, amma auren yawancin mutane ba ta wannan dokar yake bi ba, ta al'ada yake bi, ita kuwa al'ada ba ta ƙidaya shekaru. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Maradi ta ɗara wannan adadi.

Shekarar aurenta ita ce 2000. A watan Nuwamba na shekarar aka yi tarzoma a Yamai da Maradi a kan bikin nuna tufafi na FIMA. A Maradi an afka wa mashaya da majami'u da gidajen mata masu zaman kansu, an ƙone wasu, an doki mata. Yaya ba ta cikin birni, labari kawai ta ji, amma abin da ya biyo baya ya shafe ta. Tun daga lokacin macen da ba ta ƙarƙashin namiji ta zama abar zargi, ko da bazawara ce mai neman abin kai wa baka. Matan aure sun ga haka, suka ƙara jin tsoron saki fiye da duk wata wahalar da ke cikin gidan miji.

Mijinta manomi ne, da rani yana fatauci zuwa Jibiya da Katsina. Shekarun farko ya ba ta gamana, tana noma gujiya da wake, tana tuyar ƙuli-ƙuli tana matsar mai. Sai ya fara zama da wasu abokai masu tsananin ra'ayi, waɗanda kowace magana ta mace ke ƙarewa da haramun a bakinsu. Irin wannan canji ba ya zuwa rana ɗaya, shi ya sa dangi ba sa farga. Biki da suna aka fara hanawa, aka ce bidi'a da almubazzaranci. Akwai gaskiya a cikin wannan, kowa ya san bashin da biki ke jawowa, to amma a wajen bikin ne mata ke haɗuwa, a nan ake jin wadda ake duka, a nan ake taimakon juna. Bayan biki sai zuwa gidan iyaye ya koma sau biyu a shekara. Sai ranar da ya ce mata: "Daga bana kin bar gona. Macen kirki ba ta tsayawa rana maza na kallonta."

Wannan shi ne abin da ake kira kullen gona, kuma ya yaɗu a ƙauyukan kudancin Maradi. A da, kulle na Alhazai ne da manyan malamai, masu halin sa a kawo ruwa da itace har cikin gida, a cika rumbu, a yi wa mace sutura. A fiƙihu ma haka abin yake: mijin da ya zaunar da matarsa, ci da sha da tufa da muhalli duk suna wuyansa. Kullen gona kuwa gonar kaɗai yake rufewa. Yaya ta ci gaba da zuwa rijiya safe da yamma, ta ci gaba da ɗauko itace daga daji, maza suna ganinta kamar jiya. Gamanar ce ta koma hannun maigida, ya shuka aya a ciki don sayarwa. A ganinmu ƙarancin ƙasa ne tushen abin, aka yi masa rawani da addini don kada mace ta sami bakin magana. Idan miji ya ce gonar ta yi kaɗan, tana iya kai ƙara wajen surukai. Idan ya ce Allah ne ya hana, wa za ta kai wa ƙara?

Ga shi kuwa hadisi yana nan a Sahihu Muslim. An saki 'yar'uwar mahaifiyar Jabir ɗan Abdullahi, ta fita za ta girbe dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya tsawata mata. Ta je wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta je ta girbe dabinonta, wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Asma'u 'yar Abubakar ta faɗa da bakinta cewa tana ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gonar mijinta Zubairu. A ƙasar nan ma ba baƙon abu ba ne mace ta riƙe al'amarin jama'a, ga sarautar Iya a fadar Maradi, ga Inna a Tibirin Gobir.

Abin da ya rage mata shi ne asusu. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kafin ya bazu ƙasashe da yawa. Mata kamar ashirin zuwa talatin suna zuba kuɗi kowane mako a akwati, ana ba mai bukata rance, a ƙarshen zagaye a raba. Yaya tana zuba dala ashirin ta hannun maƙwabciya. Da ya gane, ya ce riba ce, ta fita. Maganar ƙari a kan rance magana ce da malamai ke da hujja a kanta, ba ma musun haka. Amma tana da magani, kuma ƙungiyarsu ta yi shi daga baya: suka daina ɗora ƙari a kan kuɗi, suka koma sayen hatsi da wake da kaka su adana su sayar da bazara, mai son jari a saya mata kaya a sayar mata bisa farashin da aka yanke tun farko. Shi maigida bai nemi gyara ba, fitarta yake so.

Ƙofa ɗaya ya bari a buɗe, makarantar Islamiyya ta matan aure bayan sallar isha'i. Adalci ne a faɗa cewa guguwar wa'azin da ta kawo tsanani ita ce kuma ta buɗe wa matan aure irin waɗannan makarantu, abin da iyayenmu mata da yawa ba su samu ba. A can Yaya ta koyi karatun Alƙur'ani da fassara, malamarsu kuma tana karanta musu Risala babi babi. Ta ce lokacin ba ta ɗauka babin saki da na gado za su yi mata amfani ba.

Cikinta na huɗu ne ya zo da masifa, shekara goma sha biyu da aure. Ba ta je awo ko sau ɗaya ba, ya ce ma'aikacin ƙaramin asibitin namiji ne. Naƙuda ta tashi yana Kano. Ungozoma ta yi iya yinta, rana ta faɗi, gari ya waye. Uwar miji ta sa aka kira shi a waya, ya ce: "Inna, ku dakata ina tahe, kar a kai ta inda ƙato zai buɗe ta." Sai da rana ta sake faɗuwa kawun mijin ya zo ya ce a ɗaura amalanke, alhakin a wuyansa. Daga ƙaramin asibiti aka wuce da ita Maradi, aka yi fiɗa aka ciro ɗa namiji ba rai.

Ya kamata kowane gida ya san abin da ke faruwa a jikin mace a irin wannan hali. Idan kan jariri ya sauko ya maƙale, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar huda, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ba aljanu ba ne, ba sakamakon zunubi ba ne. Naƙudar da ta yini ta kwana ba a haihu ba ta wuce aikin gida, haka nan zubar jini, ko jijjiga, ko fitowar hannu ko cibiya kafin kai. Tun zamanin Shugaba Tandja gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, don haka abin da iyali za su tanada tun ciki na wata bakwai shi ne kuɗin mota da mai, lambar direba, mutum biyu da za su iya ba da jini, da izinin maigida da ya furta a gaban shaidu cewa ko ba ya nan a tafi. A wajen malaman Malikiyya da sauran mazhabobi, likita namiji ya duba mace halas ne idan lalura ta kama, kuma ceton rai ba ya jiran izinin kowa.

Wata biyu da dawowar Yaya gida mijin ya sake ta. Ya ce ba ta da tsarkin da za a zauna da ita. A daren aka haɗa mata kaya, ƙaninsa ya kai ta gidan ubanta a babur. Kusan duk abin da aka yi a daren nan ya saɓa wa nassi. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta har ta gama idda. A sakin kome, ciyarwa da wurin zama suna kan miji tsawon iddar, tsarki uku ga mai jini, haihuwa ga mai ciki. Sadakinta nata ne, kayan ɗakinta nata ne, awakin da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli nata ne, amma awaki biyar ɗin suka zauna a garkensa. Game da tsarki kuwa, mai lalurar fitsari da ba ya tsayawa tana da sauƙi a mazhabar Malik, tana yin sallarta, ba a raba ta da ibada. Wata uku Yaya ta yi ba ta salla saboda an ce mata ba ta karɓuwa, kuma ta ce wannan ya fi sakin yi mata ciwo.

A Danja, kudu da Maradi, akwai asibitin masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012. Can aka yi mata aiki. Bayan ɗinki ana barin robar fitsari kamar mako biyu, mace ta yi ta shan ruwa da yawa don kada robar ta toshe, domin toshewarta na iya farke ɗinkin. Sai watanni ba saduwa da namiji, ba ɗaukar kaya mai nauyi, kuma duk cikin da za a samu nan gaba a asibiti za a haife shi ta fiɗa. Inda aka fi samun matsala shi ne mijin da ya ji an warke ya mayar da ita da gaggawa. Wadda yoyon ya fara mata sabo-sabo kada ta jira, ta koma asibiti nan da nan, domin ƙaramar huda takan rufe da roba kaɗai idan aka sa da wuri. Na Yaya ya rufe a aiki ɗaya.

Maganar 'ya'ya ba ta yi daɗi haka ba. Tsohon mijin ya riƙe babbar mai shekara goma da namijin mai bakwai, ya bar mata ƙaramar wai sai ta yi wayo. Abin da aka saba a nan shi ne yaro ya kai bakwai ya koma wajen uba, har mutane sun ɗauka shari'a ce. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane malamin zaure a ƙasar Hausa ya karanta, ta ce reno bayan saki na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare, ciyarwa tana kan uba. Idan uwar ta yi wani aure, kakar yara ta wajen uwa ce ke gaba. Yaya ta san wannan, amma ba ta da takardar aure, ba ta da takardar saki mai kwanan wata, manyan yaran ba su da takardar haihuwa, ga jinya. Sai bayan shekara biyu ta isa kotu. Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya har yau. An gwada a shekarun 1990, an sake gwadawa a 2011, ƙungiyoyin addini suka ƙi. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana nuna wa mata bambanci a 1999 amma ta keɓe sassan da suka shafi aure da gado, majalisa kuma ta ƙi yarjejeniyar Maputo a 2006. Saboda haka alƙali yana hukunta aure da saki da gado bisa al'adar masu shari'a, tare da masu ba shi shawara, galibinsu malamai. Matar da ta shiga ba ta san abin da za ta nema ba, abin da aka saba za a yi mata. Yaya ta sami riƙon ƙaramar da ɗan kuɗin ciyarwa a wata. Manyan biyu aka ce sun saba da gidan uba. Babbar an aurar da ita tana da goma sha biyar, uwar ta ji ne a bakin mutane.

Da mahaifinta ya rasu, ya bar gona hekta huɗu, mata biyu, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Bayan sadakar arba'in babban wansu ya tara su ya ce: "Ku ɗiya mata, gona ba ta rabuwa. Duk kaka za mu riƙa aiko muku da dami bibbiyu. Ke ma mi za ki yi da gona, ba ki da mai noma miki?" Wannan wan nata yana cikin masu tsananta maganar hijabi da fitar mata. Ta ce masa: "Ayar da ta ce mu rufe jiki mun bi. Ayar Suratun Nisa'i ma a bi ta." Aya ta bakwai ta surar ta ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Ba ta cire gona ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Tun da akwai 'ya'ya, matan mamaci suna da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, su raba tsakaninsu. A hekta huɗu rabin hekta ke nan, kowacce rubu'in hekta. Saura uku da rabi. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka maza biyu kaso huɗu, mata uku kaso uku, jimla bakwai. Kowane kaso rabin hekta. Kowane namiji hekta ɗaya, kowace mace rabin hekta.

Wahalar tana wajen karɓa. Abu na farko da ke cinye rabon mata shi ne jinkiri. A ce a bari sai bayan girbi, sai wata shekara, kafin nan an jinginar da wani yanki, dattawan da suka san iyaka sun mutu. Na biyu shi ne yafewa ta kunya, a tara mace a gaban kawunnai a ce ta yafe wa 'yan'uwanta, ta dangwala yatsa. Kyauta ba ta inganta sai an san abin da aka bayar kuma da yardar rai, don haka a auna a nuna mata nata tukuna. Na uku shi ne a biya ta kuɗi da farashin da masu sayen suka yanka da kansu. Na huɗu a ba ta ɓangaren da ya gaji, ko bakin hanyar dabbobi. A gonarsu an tarar wan ya riga ya jinginar da kusan hekta guda. Da yake bayan rasuwar uba ya yi jinginar, don bukatar kansa, malamin da ya yi rabo ya ce a lissafa ta cikin kasonsa.

Rikicin gona ba ya zuwa kotu kai tsaye. Ana farawa da sulhu wajen maigari, idan ya gagara a je wajen sarki, kuma kowane mataki a nemi a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, domin ita alƙali zai tambaya. Yaya ta je wajen maigari da malami ɗaya da dattawa biyu da suka yi iyaka da ubanta. Zama uku aka yi, a na ukun aka fita da igiya aka auna. Ba ta tsaya nan ba. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta ba mace da namiji haƙƙi ɗaya a kan ƙasa, ta kuma kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har kwamin da gunduma. A wajensu ta karɓi takardar shaidar mallaka da sunanta, da sunayen maƙwabtan gona na kusurwa huɗu da sa hannun shaidu. Ta dasa aguwa a kan iyaka a daminar farko. Filin da aka auna ba a rubuta ba yakan koma inda ya fito.

Wan bai yi mata magana ba har shekara biyu, wasu dangi suka ce ta tona asirin gida. Yanzu tana haɗa hatsi da wake a rabin hektar, tana zuba takin awaki da ta sake tarawa ta hanyar asusu. A shekara mai albarka takan ɗaure dami goma sha takwas, ban da wake da harawa. Ƙaramar ɗiyar ta shiga kwaleji. Akwai dokar gwamnati ta Disamba 2017 da ta ce a kare karatun yarinya har ta kai shekara 16, kuma Yaya ta kai wa shugaban makarantar kwafen takardar riƙo don kada wani ya zo ya cire ta ba da saninta ba. Ɗanta namiji ya girma, yana zuwa taya ta huɗa da shanun haya.

Ƙannenta mata biyu, ɗaya ta karɓi nata bayan ta ga abin ya yiwu. Ɗayar tana aure a wani gari cikin kulle, mijinta ya ce ba matarsa da zuwa gaban maigari. Rabin hektarta yana hannun wansu yana nomawa. Yaya ta sa an rubuta a takardar sulhu cewa aro ne, da sunan mai shi, kuma duk kaka takan je da kanta ta ƙirga damman da aka ware, ta sa a kai wa ƙanwar.